Gidan da Fitila Ke Kira a Kasalgu

Ana idar da sallar asuba muka kama hanyar tasha, ni da yayata, kowace da ƙullin kayanta, daga Kumasi za mu Tamale. Ku da kuka dame ni da tambayar ina na shiga kwana huɗu ba a ji ɗuriyata ba, to ga labarin, ku gyara zama.

Ba yawon buɗe ido ya kai mu ba. Autar Yaya ce ke aure a can, kuma kurma ce, haka aka haife ta. Ta haihu, ta yi arba'in a gidan iyayen mijinta a Gumani, inda mata suka cika tsakar gida. To sai ga labari wai sun koma gidan da suka kama a Kasalgu, daga ita sai shi sai jaririya, shi kuma mai haɗa wayar wuta ne, da sassafe yake fita. Yaya na jin haka ta ce ba da ita ba. Jaririya za ta yi ta tsala kuka har ta shiɗe, uwa na can tana wanke-wanke ba ta sani ba. Ta yanke shawarar ɗauko su, uwa da 'ya, su zauna a gabanta har yarinya ta yi ƙafa ta yi baki, ko da shekara uku ce. Ni kuwa saboda bakina aka tafi da ni, don Yaya ba ta iya doguwar magana da suruki. Kuma in faɗi gaskiya, a lokacin ina bayanta.

Motarmu ba ta da laifi, sai dai direban ya ƙure mana sanyi har na lulluɓe da gyale biyu. A Techiman doya jibge bakin titi, kowace kamar cinyar ƙato. Muna wuce Kintampo duhuwar daji ta fara janyewa, sararin sama ya buɗe, sai itatuwan kaɗanya da buhunan gawayi a jere. A gadar Buipe mata suka yanyame tagogi da soyayyen kifi. Na tambayi kuɗin guda, mai kifin ta faɗi abin da ya sa na ce mata ko kifin ya je Makka ne. Ta yi dariya ta rage mini sidi biyu, ta ƙara mini yaji. Wallahi kifin ya ci kuɗinsa, na yi ta tsotsar ƙayarsa har Yapei. Yaya ba ta taɓa ba, goronta kawai take ci tana kallon hanya.

Tamale kuwa, jama'a, garin babura ne. Na ga mace da goyo a baya, kwandon tumatir a gaba, tana tuƙi hankali kwance. Na ga wata Hajiya da ta girme ni nesa ba kusa ba ta murza babur ta wuce mu, hijabinta na kaɗawa. Ni da ko keken yara ban taɓa hawa ba sai na ji kunya ta kama ni. Tituna masu faɗi, masu keke da hanyarsu daban a gefe. Gaisuwarsu ma abin sha'awa: ka faɗi duk abin da ka ga dama, a rusuna a ce maka "Naa", har sai ka gaji don kanka. Keke mai ƙafa uku, wanda suke kira yalo-yalo, shi ya kai mu Kasalgu wajen azahar.

A ƙofar gidan na yi abin da baki ya saba. Na rafka sallama har sau uku, da muryar nan tawa da kuka sani, kafin na tuna gidan wa na zo. Yaya ta dube ni ta ce na gani ko, ɓarawo ma haka zai shiga. Sai idona ya kai kan wani ɗan madanni a jikin ƙyaure, an rubuta a ƙasansa a danna. Na danna, ban ji ƙarar komai ba. Kafin in ce ya lalace, sai ga ƙofa ta buɗe, ga 'yarmu da mayafi, ta faɗo jikin uwarta. Ta bayanta na hango ƙwan fitilar baranda ya koma kore shar.

Ni da a tunanina irin waɗannan ƙwayayen masu canza launi na shagon aski ne da gidan rawa. Ashe mutum bai gama sanin duniya ba. Da la'asar mijin ya dawo, ya durƙusa ya gaida mu da Hausarsa ta Tamale mai gauraye da Dagbanci, ya zagaya da ni yana nuna mini. Ƙwai huɗu ne: ɗaki, falo, madafa, da baranda inda take ɗinki. In an danna ƙofa, kore. In shi ne ke nemanta a waya daga wurin aiki, shuɗi. Lokacin salla ya yi, ruwan ɗorawa. A kan gadon jaririya kuma akwai wata 'yar na'ura mai jin sauti, da kuka ya tashi duk ƙwayayen gidan su koma ja suna ƙyaftawa. Muna cikin maganar jaririya ta motsa ta tsanyara. Kafin Yaya ta gama gyara ɗaurin zaninta, uwa ta iso daga madafa da jiƙaƙƙen hannu. Na buɗe baki na kasa rufewa.

Yaya ta ce in tambaye shi in an ɗauke wuta fa. Ya je ya kashe wutar gidan gaba ɗaya, ƙwayayen ba su ko girgiza ba, ashe akwai batir da ya haɗa musu a bayan ƙofa. Ta taɓe baki ta ce abin da ɗan adam ya ƙera ba ya hana ranar tsautsayi. Ban ga laifinta ba, uwa ce. Amma ita 'yar ba yarinya ba ce, ta san abin da ya kawo mu. Ta ja ni madafa ta rubuta a wayarta ta nuna mini: "Inna, kar ki bari a raba ni da gidana." Tun daga nan bakin da aka ɗauko ni dominsa ya fara nauyi.

Washegari na ce lallai sai surukin nan ya raka ni na sayi nawa. Muka bar Yaya da mai jego a gida, muka nufi shagunan kayan wuta kusa da babbar kasuwa. A nan na ƙara ganin girman yaron. Ya ce in fara sanin bakin fitilar gidana, na murɗawa ne ko mai kunnuwa biyu, kar in kai Kumasi ƙwai ya ƙi zama. Akwai masu araha da ke zuwa da rimot kawai, waɗannan na ado ne. Wanda ake sarrafawa da waya ya ninka su a kuɗi, amma shi ke jin magana daga nesa. Ya sa mai shago ya kunna ɗaya ya zare ya mayar, don in ga ko yana tuna launin da aka bar shi, domin wani in an dawo da wuta sai ya yi ta rawar launuka kamar an yi masa kiɗa. Sannan ya ɗaga shi a bakin ƙofa cikin hasken rana ya ce in duba jansa. Launi ba ya kai fari haske, shi ma sai da ya mayar da iri uku kafin ya sami wanda matarsa za ta gani da rana tsaka ko ta ba shi baya. Na sayi biyu. Abu na ƙarshe da ya ja mini kunne a kai shi ne kar in kashe makunnin bango, ko da rana, don in an kashe shi ƙwan ba ya jin kira. Shi ma saboda haka ya manne na gidansa da salatif. Daga nan ya ciyar da ni tuwon zafi da miyar ayoyo da gasasshen zabo, wanda har yanzu in na tuna sai na haɗiyi yawu.

Muna dawowa na san ba lafiya. Jakunkuna biyu a tsakar falo an ɗaure, 'yarmu zaune a ƙasa rungume da jaririya, idanu sun kumbura. Yaya ta tare ni tana haki. Wai jaririya ta yi kuka har muryarta ta dushe, ita Yaya tana banɗaki, uwa na madafa ba ta sani ba, sai da nono ya zubo mata sannan ta taho da gudu. Ina jan wutar da ake taƙama da ita? Gobe da asuba za a tafi, magana ta ƙare.

Mijin ya ɗaga kai ya kalli ƙwan falo. Ya shiga madafa ya ɗan jima, ya fito da guntun salatif a hannu ya miƙo mini, kansa a ƙasa. Na leƙa baranda da falo, duk an ɓare salatif ɗin, duk an kashe makunnan. Na juyo na kalli Yaya. Matar da tun muna yara in ta ga fitila a kunne da rana sai ta bi gida tana kashewa tana mita. Raina ya ɓaci, na ce Yaya, tsakaninki da Allah wa ya taɓa makunnan nan? Ta ce ita ce, bayan fitarmu, ta ga ana ɓarnar wuta. Tana faɗa ta zauna a hannun kujera. Na so in ƙara mata, amma da na ga fuskarta sai tausayi ya hana ni.

Wani surukin da nan zai ci nasararsa. Shi kuwa sai ya kunna makunnan, ya durƙusa gaban Yaya ya ce, "Mma, ara mini wayarki." Ya yi 'yan danne-danne, ya yi wa matarsa magana da hannu ta kwantar da jaririya ta koma madafa. Ya nuna wa Yaya wani wuri a fuskar wayar ya ce ta taɓa. Ta taɓa da ɗari-ɗari, sai gidan ya koma ruwan goro. Ya ce tun ranar da aka sa ƙwayayen matarsa ta ware wannan launin ta hana a ba kowa, ta ce na Mma ne, don ba ta taɓa ganinta babu goro a baki ba. Ko daga Kumasi ta taɓa, zai kama a nan.

Bai rufe baki ba sai ga ta a ƙofar falo, tana share hannu a zani, ta ɗaga gira tana tambayar uwarta me take so.

Shekara ashirin da huɗu Yaya na zuwa har inda yarinyar nan take ta dafa kafaɗarta, ko ta aika a taɓo ta. Ba ta taɓa zama a inda take ta kira ta ta zo ba. Ta dube ni, hawaye na bin kumatunta, ta ce, "Kin ga na kira ta, ta zo." Ni ma kukan na yi, ba zan ɓoye muku ba. Ba wanda ya sake tayar da maganar tafiya. Kafin magariba na ga Yaya da kanta tana kwance jakunkunan, tana mayar da kayan jaririya cikin durowa.

Mun ƙara kwana ɗaya, muka kamo hanyar gida mu biyu. Tsakanin Tamale da Kintampo sau uku Yaya tana mayar musu da gida ruwan goro, 'yar kuma tana kiranta ta bidiyo tana ɗaga mata jaririya, har sai da na ƙwace wayar na ce ta bar yarinya ta yi aikinta. Abin da na koyo a tafiyar nan, na daina raina abu don na fara ganinsa a shagon aski. Na kuma gane mun so yarinyar nan iya so, amma tsaronta muka yi ta yi, ba mu taɓa zama mun nemi yadda za ta tsaya da ƙafarta ba, sai da ɗan mutane ya yi.

Da la'asar muka shiga unguwarmu ta zango a Kumasi. Mijin Yaya na zaune a ƙofar gida kan tabarma, ya miƙa wuya yana duban bayanmu, ya tambaya ina suke. Yaya ta sauke ƙullinta ta ce, "Suna gidansu."