Wasiƙar da Na Yanka Na Yi Tuta

Shekarar da ruwa ya ɗauke gero bai fitar da kai ba, ina koyar da 'yan aji ɗaya a firamaren ƙauyenmu, wajen Kunci. Maza duk sun watse cin rani. Da Maulidi ya matso na ce ko ba a dafa shinkafa ba, ai a yi ado. Na sa kowane yaro ya zo da takarda, ko wace iri ce, mu yi tutoci.

Lokacin ina ji da kaina, ga saurin fushi, gani nake duk garin ba wanda ya kai ni boko. Yara suka kawo takardar buhun siminti da tsohuwar jarida mai maiƙon ƙosai. Wata 'yar mitsitsiyar yarinya mai giɓi ta miƙo mini tata a ninke.

"Malama, Inna ta ce..."

"Jefa a kwando ki zauna! Kowa sai ya ba ni tarihin takardarsa?"

Ta jefa, ta zauna. Muka tsoma takardun a ruwan galura, ja da kore, muka shanya. Ni ke yankawa da almakashi, su suna shafa ƙaro suna liƙawa a igiyar rama. Hannuwansu suka rine, suna ta dariya, har na manta rabon da in ji yaran nan sun yi dariya haka. Na koma gida ina yabon kaina.

Washegari bayan an tashi, sai ga uwar yarinyar a bakin aji, ta ja mayafi. Muka gaisa.

"Malama, me ya ce?"

"Wa?"

"Maigidan. Wata takwas ba labarinsa, sai shekaranjiya wani direba ya kawo wasiƙa. Na ba yarinyar ta kawo miki ki karanta."

Nan na tuna da takardar nan a ninke da yarinyar ta jefa a kwando. Na hau benci na sauke igiyar da muka rataya, na bi tutocin ɗaya bayan ɗaya. Uku na samu masu rubutun biro. Galura ta cinye kusan komai. A ɗaya na ga gaisuwa. A ta biyu ba abin da ke karantuwa. A ta uku an rubuta "kada ki sayar da", daga nan sai inda almakashina ya bi.

Ƙarya ta zo mini har baki, in ce yana lafiya, yana nan tafe. Na kasa. Na karanta mata abin da ya rage, na faɗa mata abin da na yi.

"Kada in sayar da me, Malama?"

Na juya tutar na duba bayanta, ba komai.

"Abu biyu suka rage mana," in ji ta, "gonar bayan gari da saniya. Hatsinmu ba zai kai Juma'a ba. Dole ɗaya ta tafi."

Da ta zage ni da na ji sauƙi. Ba ta zage ni ba. Ta karɓi tutocin uku ta ƙulle a bakin zaninta, ta ce, "Allah ya saka da alheri, Malama." Kunyar da na ji ran nan ban taɓa jin irinta ba.

Ta sayar da ɗaya a satin. Har na bar garin ban iya tambayar wacce ba, kuma ban sake bi ta ƙofar gidansu ba.