Masu Karatuna na Bayan Baturiya

Tun da ɗan Adam ya fara saran ƙasa da fartanya, babu al'ummar da ta taɓa ci ta ƙoshi ba tare da an samu wani ya zauna a inuwa yana bayyana mata yadda ake yi ba. A kwarin Haɗeja, shekara goma sha ɗaya cur, ni ne wannan mutumin. Ku da kuka shigo aiki a bayanmu kun san ni da tsohon nan mai riƙe da makullin sito. Kafin sito, ni ne jami'in yaɗa labarai na hukumarmu, a mataki na tara, kuma editan mujallar da muke bugawa duk wata saboda manoman fadama. A cikin shekarun nan duka, rana ɗaya ce har yau ta ƙi fita daga raina, wato ranar da na je ganin masu karatuna.

Bari in bayyana mujallar saboda waɗanda ba su riske ta ba. Shafi takwas ce, ban da bango. Bangon takarda ce mai santsi da ƙyalli, kuma bisa al'ada hoton shugaban hukuma ake sawa, yawanci yana riƙe da damin shinkafa kamar wanda aka miƙa wa jaririn maƙwabta. A ciki akwai lokacin shuka, da yadda ake zuba taki, da labarin tarukan bita. Shafi na shida da na bakwai kuwa nawa ne ni kaɗai, sunansu Tunanin Edita. A nan nake warware matsalar wadatar abinci, in hango makomar al'umma, in kuma wata ya zo babu labari sai in taɓa kiɗa da waƙa. Ni ke rubutawa, ni ke gyara wa kaina kuskure, ni ke kai wa maɗaba'a a Kano. In an bugo, in ɗaure su ƙunshi-ƙunshi in ba malaman gona, wato ma'aikatanmu da ke zaune a karkara suna ba manoma shawara, su kai ƙauyuka.

Ofishina shi ne ɗakin ƙarshe, jikin ɗakin janareta. Na sa kafinta ya yi mini akwati, na rubuta a jikinsa Wasiƙun Masu Karatu, na rataye a ƙofa. Gizo-gizo ya zauna a ciki, ya yi iyali, har ya ga jikoki. A da ina da mai sauraro guda ɗaya, maiɗakina. Nakan karanta mata sharhin tana tsintar shinkafa a faifai, in na gama ta ce, “Ya yi tsawo.” A shekarata ta shida a kujerar Allah ya karɓi abarsa. 'Ya'yan sun yi nisa da gida, kowa da hidimarsa. Daga nan ko mai cewa ya yi tsawo ban sake samu ba.

Sai aka kawo mana sabon manaja, Injiniya Bashir, wanda na girme shi da shekara goma sha biyar. Bai yi wata ɗaya ba ya aiko a kira ni. Na tarar da mujallar a gabansa, a buɗe a shafina.

“Malam Sabo,” ya ce, “wa ke karanta wannan?”

“Manoma, ranka ya daɗe.”

“Wanne daga ciki? Faɗa mini sunan mutum ɗaya.”

Na duba silin, ban ga suna a can ba. Ya ce hukuma za ta koma isar da saƙo ta rediyo da wayar hannu. Ya ba ni mako uku in kawo hujjar cewa akwai masu karatu. In babu, za a rufe mujallar a ƙarshen shekara, ni kuma a mayar da ni sito in ƙarasa shekarun da suka rage mini kafin ritaya. Ya rubuta haka da jan biro a gefen fayil, ya sa hannu.

Ban firgita ba, domin ina da abin da na daɗe ina jin daɗinsa a ɓoye. A rajistar rabon mujallar akwai wani ƙauye a bayan Baturiya da malamin gonarsa, Ɗanjuma, ya yi ta neman ƙari: daga kwafi ashirin zuwa hamsin, daga hamsin zuwa ɗari. Har tsofaffin fitowa yake tambaya. Na lura buƙatar ta fi ƙarfi dab da kaka, na kuma samo wa abin bayani irin na malamai, cewa in aiki ya yi sauƙi hankalin manomi kan koma ga tunani mai zurfi.

Ga shi kuma fitowar ƙarshe tana ɗauke da sharhin da na fi alfahari da shi, a kan gangar noma. Na ce kiɗan al'umma shi ke nuna inda ta dosa. Na ce sa'ad da makaɗa ke bin manoma a gona, maza na gasa a kan kunya, rumbuna na cika. Yanzu samari sun toshe kunnuwa da waƙoƙin soyayya na waya, fartanya ta faɗi daga hannunsu. Na kammala da cewa duk mai son a ƙoshi nan da shekara hamsin, ya dawo da ganga. Da na gama rubuta shi na karanta shi da ƙarfi a ofis, fanka tana gyaɗa kai.

Watan Oktoba ne, ruwan ambaliya bai gama janyewa ba. Motar ofis ta ajiye ni Baturiya, Ɗanjuma ya goya ni a babur har bakin ruwa, daga nan muka shiga kwale-kwale, muka yi ta ratsa kacalla, ciyawar nan da ta fi mutum tsawo. Na sa babbar rigata ta Juma'a. A aljihu ga littafi na jera tambayoyi, ta farko ita ce, “Wane shafi ka fi so?”

“Malam,” in ji Ɗanjuma, karo na uku ke nan, “da ka bari na kawo maka su ofis.”

Na ce masa marubuci shi ya kamata ya je wurin masu karatunsa. Ya mayar da kai yana kallon ruwa.

Muka isa bayan la'asar, garin wayam, kowa yana gona. Shinkafa ta fitar da kai, ƙwayar ba ta yi tauri ba, kuma wannan ne lokacin jan-baki. Wanda bai san su ba, 'yan tsuntsaye ne da ba su kai tafin hannu ba, suna kwana a cikin kacalla, suna tasowa kamar hadari. In suka sauka a gona babu mai tsaro, kafin a yi sallar magariba aikin damina ya tafi. Don haka an kakkafa sanduna, an ja igiyoyi daga wannan gefe zuwa wancan, an rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Tsofaffi da mata suna jan igiya suna ihu. A kan igiyoyin wasu abubuwa na ta walƙiya cikin rana. Daga can tsakiya kuma sai na ji ganga.

Na kama hannun Ɗanjuma. “Ka ji? Sun karanta! Sun dawo da ganga!”

Na tattare riga na shiga taɓo, na kai ga igiyar farko, na riƙe ɗaya daga cikin masu walƙiyar. Takarda ce an yanka ta siriri, an ɗaure da zare. A jikinta ga kunnen shugaban hukuma da rabin hularsa, ga haruffa uku na sunan mujallarmu. Na ɗaga kai. Iya ganina, har bakin kacalla, mu ne ke kaɗawa.

“Wallahi Malam,” in ji Ɗanjuma a bayana, “leda iska ke nannaɗe ta a igiya. Wannan kuwa juyi take tana walƙiya, raɓa ma ba ta cin ta da wuri. Ni kuma na kasa gaya maka.”

Mai gangar yana zaune a wata 'yar rumfa da aka ɗaga a kan turaku. Baba Gambo ke nan, tsohon makaɗin noma, ido ɗaya ya yi fari. Ɗanjuma ya ce, “Baba, ga mai takardar.”

“Kai ne? Hawo, hawo! Allah ya yi maka albarka, Malam. Shekara uku ke nan kana rufa mana asiri.” Ya matsa mini a kan tabarma. “Amma ka gaya wa mai hoton nan ya riƙa sa farar riga. Wadda ya sa shuɗi ba ta kori ko ɗaya ba.”

Na ce zan isar. Sannan na tambaya, a hankali, ko akwai mai karantawa kafin a yanka.

“Liman yana karatu, amma ajami. Masu bokon duk sun tafi, suna Kano, suna Legas. Ashe magana ce a ciki? To karanta mini mana, ai zaune muke.”

Na zaro nawa kwafin na karanta masa sharhin gangar noma daga farko har ƙarshe. Sau huɗu yana katse ni, ba don ya yi gardama ba, sai don gungun tsuntsaye ya sauko, ya rafka ganga su tashi, ya ce, “Ci gaba.” Rabona da in karanta wa mai rai tun rasuwar maiɗakina.

Da na gama ya ce, “Hausarka da daɗi. Wa ya gaya maka wannan?”

“Nazari na yi, Baba.”

“Wane makaɗin ka tambaya?”

Wannan ne karo na biyu a wata ɗaya da aka nemi in faɗi sunan mutum ɗaya.

“Waya ba ta yi mini komai ba,” ya ce. “Ɗana ma ya ɗauki kiɗana a tasa, a Legas yake saurara, ya ce har kuka yake. Ita ganga layi take so. Mutum talatin a jere ranar gayya, kowa da kunyarsa, kowa da takensa. In na buga taken Audu, Audu ya san duk gari na kallon bayansa, ko zai mutu sai ya fita kunyar nan. Yanzu fa? Mutum ɗaya ne da tankin feshin maganin ciyawa a baya, ya rufe hanci da ƙyalle. Shi zan bi ina kiɗa? Gayya ce ta mutu, ganga ta bi ta. Yanzu tsuntsu kaɗai ke taruwa a gona, shi ya sa su nake yi wa.”

Na buɗe littafin tambayoyina, na juya bayan shafin, na rubuta abin da ya faɗa.

Can ya gyara zaman gangar a hammata. “Ka yi mana alheri, bari in yi maka take. Me kake nomawa?”

“Ba na noma, Baba.”

“Mahaifinka fa?”

“Malamin makaranta ne.”

“Kiwo? Kamun kifi?”

Na girgiza kai. Ya tsaya da gula a sama, yana dubana da idonsa mai gani, ba da raini ba, kamar yadda ake duban wanda aka ce ba shi da kowa. Ya ce, “To, sai dai in yi maka na baƙo.” Ya buga. Taken gajere ne. Tsuntsaye suka tashi daga gonar gabanmu suka sauka a ta gaba.

A kwale-kwale Ɗanjuma ya roƙe ni kada in sa a ba shi takardar tuhuma. Ni kuwa abin da ke raina daban. Rajistar rabo ba ta yi ƙarya ba: an nemi ashirin, an nemi hamsin, an nemi ɗari. In na miƙa ta ita kaɗai, mujalla ta tsira, ni ma na tsira. Kwana huɗu rajistar tana kan teburina. A na biyar na rubuta rahoto shafi biyu, na faɗi abin da na gani, na ƙara da cewa malamin gona bai yi laifi ba, domin an ce ya raba, ya kuwa raba.

Manaja ya karanta, ya yi dariya har ya cire tabarau. Da ya dubi fuskata sai ya daina.

“Malam Sabo, ka san da rajistar kawai ka kawo da na sa hannu?”

“Na sani, ranka ya daɗe.”

Aka rufe mujallar a watan Disamba. A fitowar ƙarshe ban hango makomar kowa ba. Maganar Baba Gambo na sa, da sunansa, yadda ya faɗe ta. Ba ta cika rabin shafi ba, kuma ita ce abin da na buga a shekara goma sha ɗaya da na tabbata gaskiya ne.

Abin da zan bar muku, ku masu aikin isar da saƙo yanzu, kaɗan ne. In an ce saƙo ya kai mutum ɗari, ku je ku ga abin da mutum ɗarin suka yi da shi. Kafin ku yi sharhi a kan sana'ar mutum, ku hau rumfarsa ku zauna. Ku kuma sani mutanen kwarin nan ba sa zubar da abin da aka ba su, ba sa kuma kunyata wanda ya ba su, shi ya sa za ka iya shekara goma kana kuskure ana yi maka godiya.

Ni dai na samu abin rarrashin kaina. Nakan tuna yammacin nan, in ce kalmomina sun yi shawagi a kan shinkafar mutane, sun tsare musu abinci, kuma akwai manyan marubuta da ba su samu ko wannan ba. Da na koma sito na tarar da ragowar mujallu jibge har rufi. Na nemi izinin manaja, duk kaka ina aika wa mutanen ƙauyen da ƙunshi shida.

Bara Ɗanjuma ya zo ɗauka, ya kawo mini saƙo daga Baba Gambo. Yana gaishe ni, yana godiya, kuma in babu damuwa a riƙa cire shafukan ciki kafin a aiko. Bangon kaɗai ake yankawa, cikin nauyi kawai yake ƙara wa kwale-kwale.