Alhaji Dankure, Ɗanka Ya Hau Bayan Mota

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 14 ga Agusta, 1957, bayan sallar azahar, Allah Ya karɓi ran Alhaji Dankure mai sayar da motoci a Nasarawa, Birnin Kebbi, bayan jinyar da ta kwantar da shi tun kafin saukar damina. Mun yi kuka, amma duk wanda ya ga yadda ciwon nan ya ci jikinsa ya san hutu ya samu.

Alhaji, ni ne Kalilu na Zauro, mai albasa, abokin gardamarka. Na san gidanku tun mahaifinka Malam Ɗantsoho yana sayar da keke a gindin tsamiya. Kai ne ka fara zuwa Gusau, inda jirgin ƙasa ke sauke motoci, kana kawo su nan, kafintocinka su yi musu bodin katako. Manoman shinkafa da masuntan Argungu a hannunka suka san mota, kuma a garejinka ake gyara ta in ta lalace.

Amma abin da ba mu manta ba shi ne al'adarka. Ba ka taɓa miƙa wa mai saye makulli a Nasarawa ba. Sai ka hau motar har Argungu, kuma a baya, bisa buhuna. Ka ce a gaba surutun direba kawai ake ji, a baya ne ake sanin yadda mota za ta riƙe mutane. Sau nawa na yi maka dariya, babban mutum da babbar riga, duk jikinka tsamin albasa! In an isa Argungu, gaban shaidu, sai ka ce wa mai saye: "Motar ga ba ta wuce mara lahiya bisa hanya. In ka yarda, amshi makulli." Wani attajiri ya taɓa ƙi, ya ce shi ba asibiti ya saya ba. Ko gardama ba ka yi da shi ba, ka juya da motarka gida, ka bar shi tsaye yana kumfar baki.

Ni wannan alkawari ya shigo har cikin gidana. Wata damina ɗiyata Baiwa ta kwana biyu tana naƙuda, ungozoma ta yi iyakar yinta. Muka ɗauko ta bisa ƙyaure zuwa bakin hanya, ana ruwa. Sai ga wani direba, Tamba, da mota shaƙe da shinkafa. Ya tsaya, ya sauke buhuna cikin taɓo don ta sami wurin kwanciya, ya kai mu asibiti. Da na fara godiya sai ya ce, "Malam, ba ni za ka gode wa ba. Maigidana ya yi ma Alhaji alkawali." Jikan nawa da ta haifa ran nan, Abdussamadu, ga shi nan yana korar mana tsuntsaye a fadama.

To, da ciwonka ya yi tsanani, tsoro ya kama ni, kuma ba tsoron mutuwarka kaɗai ba. Ɗanka Maliki, wanda gidan zai koma hannunsa, ya koyo gyaran mota a Kaduna. Da kunnena na taɓa jin ya ce hawan bayan mota bai dace da kai ba, kuma wanda ya sayi abinsa ba a gindaya masa sharaɗi. Ga Baiwa da wani cikin, ga ƙauyukanmu nesa da asibiti. Na so in yi maka maganar, amma ina ni ina zancen bayan rai a gaban mai jinya? Na haɗiye, abin yana cina.

Bayan sadakar uku, ranar ba da wata mota ta zo, wadda Yari mai fataucin kifi ya saya tun kana kwance. Na je na zauna bakin gareji, na ce yau zan ga ƙarshen abin. Maliki ya fito, direba ya buɗe masa ƙofar gaba. Wallahi, Alhaji, ko kallonta bai yi ba. Ya naɗe riga, ya taka taya, ya haye baya. Sannan ya leƙo ya ce, "Baba Kalilu, hau mu tahi, kai ne shaida."

Na hau, da tsufana. A Argungu ya riƙe makulli, ya faɗi maganarka kamar yadda kake faɗi, Yari ya ce ya yarda. A hanyar komowa na tambaye shi ko wasiyya ka bar masa. Ya ce a'a, ba ka taɓa roƙonsa ba. Ranar jana'izarka ce mutanen da bai sani ba suka yi ta riƙe hannunsa, kowa na cewa motar gidanku ta taɓa tsaya masa. Ya ce, "Baba, wa zan kalla in ce an daina?"

Sai na yi hamdala. Har yau ƙuguna na ciwo saboda girgizar hanya, amma tun ranar nake barci lafiya.

Allah Ya jiƙanka, Alhaji, Ya sa jinyar da ka yi ta zama kaffara, Ya haskaka kabarinka, Ya tsaya maka kamar yadda ka sa aka tsaya wa bayinSa. Ina miƙa ta'aziyya ga uwargida Hajjo, da Maliki da ƙannensa, da ma'aikatan gareji, da jama'ar Nasarawa, Zauro da Argungu. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshe, amin. Kwanta ka huta, abokina. Baiwa ta kusa sauka, kuma wannan karon ba na tsoron bakin hanya.