Ranar da Gwaggo Ta Dafa Furena

Ko zan manta komai na zamanmu a Landan, ba zan manta ranar da Gwaggo ta ɗora furena a kan wuta ba.

Lokacin kuɗin fetur ne, gwamnati ta turo maigidana karatu, muka kama hayar gida mai ɗan fili a baya a unguwar Catford. Zaman ya ishe ni, daga taga sai bakin ƙofa. Wata tsohuwar Baturiya maƙwabciyarmu ta lura, ta ba ni irin wani furen daji, wai shi kolumbain. Ta ce ba ya wuce gwiwa, yana son inuwa, kuma sai a shekara ta biyu yake fure, bayan sanyi. Shekarar farko ganye kawai ya yi. Da hunturu ya bushe ƙurmus, na dinga leƙa wurin kamar mai jinya.

Ya sake tohowa har ya fara ƙunshe fure, sai Gwaggo, ƙanwar babana, ta zo daga Kano zaman haihuwata. Ran nan na dawo daga awo, na tarar an tsige shukar, tukunya na tafasa.

"Ashe kuna da zogale kuka bar ni da kabeji?" in ji ta. "Sai dai naku bai da daɗi."

"Gwaggo, kin ci?"

"Ɗanɗanawa na yi, 'yar nan."

Na fita ba takalmi, da tsohon cikina, ina buga ƙofar Baturiyar. Tana jin bayani ta ce ba a cinsa, yana iya cutarwa. Ita ta kai mu asibiti a motarta. Na kasa zama, in je bakin ƙofa in dawo, ina tunanin me zan faɗa wa Baba. Gwaggo kuwa tambayarta ɗaya, an sauke mata tukunya? Allah ya taimaka kaɗan ta ci, abin ya tsaya a murɗawar ciki, da yamma aka sallame mu.

Kara biyu ne suka tsira daga hannunta. Kafin in haihu suka yi fure, ja da rawaya a ciki, duk sun sunkuyar da kai ƙasa. Gwaggo ta daɗe tsaye a kansu, sannan ta ce, "Allah sarki, ashe na kallo ne."

A lokacin haushinta na ji. Sai da na girma na gane kewar gida ce ta nuna mata zogale a inda babu shi. Tun daga nan, duk abin da ya yi mini kama da na gida a baƙon wuri, sai na tambaya kafin in kai shi baki.