Gwadabe, Bakaniken da Bai Taɓa Tuƙi Ba

Duk Zangon Kwatano babu wanda bai san Gwadabe bakanike ba, kuma babu wanda ya taɓa ganin hannunsa a kan sitiyari. Shekara talatin yana kwanciya ƙarƙashin motocin mutane, bai tuƙa ko ɗaya ba. In an tsokane shi sai ya ce, "Na ciki ƙara kawai yake ji. Ni da ke waje ni ke gani."

Daga ƙasar Zazzau ya zo da ƙafa, yana saurayi, yana bin shanun wani falke. Aikinsa a hanya shi ne bin sawun saniyar da ta ɓata. Kallo ɗaya zai yi wa ƙasa ya gaya maka wace ƙafa take ɗingisawa. Shanu suka ƙare a hannun mahauta, abokan tafiya suka koma gida, shi kuwa ya liƙe wa wani bakanike ɗan ƙasa a unguwar Sainte-Rita har ya iya aiki. Da ya auri Ramlatu ya kafa rumfarsa a bakin wani layi mai rairayi. Kullum da safe sai ya ɗauki tsintsiya ya share layin tas, ƙato da gemu, mata suna wucewa suna dariya. Ba tsafta ce ta dame shi ba, wanda ya ga rigarsa ya san haka.

A shekarar da aka canja wa ƙasa suna, rediyo ya mayar da kowa kamarad, wato abokin gwagwarmaya, aka kawo masa maganar Inoussa.

Inoussa mutumin Jugu ne, direban Hajiya Lantana mai sayar da manja. Shi ke jan mata Fijo mai rumfa, shekara bakwai ko kaza bai taka ba. Ran wata Asabar, a mararrabar Sainte-Rita, ya taka birki, mota ta karkata hagu ta nufi masu tahowa, saura kaɗan ta haɗiye wani mai keke. Ran Lahadi ta sake, ta zubar wa wata mata tiren lemo. Nan da nan wani ya tuna ya ga Inoussa a Placodji, inda masunta ke shan sodabi, giyar nan tasu mai kama da ruwa. Kifi ya je saya wa matarsa, amma wa ya tambaya? Hajiya ta ƙwace makulli a gaban jama'a, ta ce ba ta ci da mashayi. A masallaci, wanda ke kusa da shi a sahu ya matsa gefe. Direban da aka ce yana sha, a Zango ko amalanke ba mai ba shi.

Ran Litinin da hantsi Inoussa ya zo ya durƙusa a rumfar Gwadabe.

"Baba, wallahi ban san ɗanɗanonta ba."

"Ban tambaye ka ba. Wane gefe take ja?"

"Hagu."

"Asabar da Lahadi, duka biyun?"

"Duka biyun."

"In ba ka taka birki ba fa?"

"Kamar zare take tafiya."

Gwadabe ya tofar da goro. "Mashayi ba ya zaɓen gefe. Yau hagu, gobe dama, jibi kwata. Tashi ka kira mini Bakanuwar nan, ka ce ta zo da motarta."

Hajiya Lantana ba ta zuwa kiran kowa. Amma ita Bakanuwa ce, shi Bazazzagi, akwai wasa a tsakaninsu tun kakanni, in ta ƙi zuwa ya samu abin yi mata gori har shekara. Ta zo, wani direban haya ya lallaɓo da motar a hankali, rabin Zango na biye.

"Ga ni, bawana," in ji ta. "Ka gama sharar?"

"Na gama, baiwata. Don ke na yi. Ba shi makulli."

"Mashayin? Ya kashe mini mutane?"

"Mutane su koma jikin bango. Ke ma, in bangon zai ɗauke ki."

Bai buɗe komai ba tukuna. Ya zagaya motar yana danna kowace taya da babban yatsa, iska daidai take. Ya leƙa tayoyin gaba, iri ɗaya ne, cinsu ɗaya. Ya leƙa baya ko an jibge kaya gefe guda, babu. Sannan ya ce wa Inoussa ya koma ƙarshen layi ya taho da ɗan gudu, in ya ga ya ɗaga tsintsiya ya taka birki iya ƙarfinsa.

Tsintsiya ta tashi. Mota ta murɗa hanci hagu kamar jakin da ya hango dusa, ta tsaya.

"Kun gani!" in ji Hajiya. "Da safen nan ma ya sha!"

Gwadabe bai ko dube ta ba. Ya tsuguna kan rairayin da ya share, yana bin sawu kamar yadda yake bin na shanu. Tayoyin baya sun ja layi biyu daidai. Ta gaba ta hagu ta tone ƙasa har ta tara tudu. Ta dama kuwa zanenta ya fito sarai, ta dai gangara abinta, ba abin da ya riƙe ta. Ya sa bayan hannu a ƙarfen tayar hagu, ya janye da sauri. Ya taɓa na dama, sanyi ƙalau.

"Kowa hagu yake zagi," ya ce. "Hagu ita kaɗai ke aiki. Malalaciyar tana dama."

Ya ɗauko jak zai ɗaga motar, sai ya tarar akuyar Ramlatu ta riga shi. Ta cusa kai bayan tayar dama tana lasa, ya kore ta, ta dawo. Man birki in ya zubo ko kare ba ya kusantarsa. Gwadabe ya cire taya, ya zare tambur, ƙwaryar ƙarfen nan da takalman birki ke cije wa daga ciki. Ciki ya yi jawur, yana naso. Ya dangwala ya sansana, ya ɗora a harshe.

Ya ɗaga kai ya nemi Hajiya. Ita da ba a taɓa ganin bakinta a rufe ba, ga ta tana gyara ɗaurin ɗankwali. Ya yafito ta gefe, inda jama'a ba za su ji ba.

"Hajiya, motar nan tana kuka kafin Asabar?"

"Kamar an taka ɓera. In muka shiga kasuwa mata har tafi suke yi."

"Sai kika yi mata abin da ake yi wa ƙofa mai ƙara."

Ta ce, "Ran Juma'a, duk kuna masallaci. Da butar shayi na ɗura. Kuma kukan ya daina, ko ƙarya na yi?"

"Ya daina. Birkin ma ya daina. Kukan nan gaya miki take takalmanta sun cinye, kika cika mata baki da manja."

"To gyara, ka rufe bakinka. Zan mayar masa da makulli da yamma a gida."

"A gida kika karɓa?"

"Gwadabe, kana so a yi ta yi da ni a Zango?"

"Wata ɗaya za a yi ana dariya, ki ci gaba da sayar da manjanki. Shi kuwa har 'ya'yansa za a ce 'ya'yan mashayi. Ni ba zan faɗa ba. Amma ga tambur can a ƙasa, ga akuya, ga mutane da hanci. In kika bari suka gano da kansu, ke za ki zama wadda ta sani ta yi shiru."

Ta harare shi har sai da ta gaji. Sannan ta juya ta fuskanci jama'a, ta riƙe ƙugu. Mace ce da ko laifi za ta amsa sai ta yi kamar ita aka yi wa.

"Me kuka tsaya kallo? Ni na zuba manjan! Nawa ne, motar ma tawa ce. Inoussa bai sha komai ba. Wanda ya ce ya gan shi a Placodji ya fito ya gaya mana shi me ya kai shi can!"

Ba wanda ya fito. Dariya ta tashi daga baya ta cinye layin. Wani tsoho, wanda ya matsa gefe a sahu, ya zo ya kama hannun Inoussa da hannu biyu.

Gwadabe ya wanke tambur da fetur. Takalman da suka sha mai ya jefar, ya ce ba sa tuba. Ya sa sababbi, hagu da dama gaba ɗaya, don in ɗaya sabo ɗaya tsoho rigimar dawowa za ta yi. Bayan la'asar ya sake share layi, ya ɗaga tsintsiya. Mota ta tsaya cak, hancinta a miƙe, sawu biyu a rairayi tsayinsu ɗaya.

Hajiya ta cilla wa Inoussa ragowar makullan, har da na sito. "Gobe da sassafe. Kada ka makara, kamarad."

Inoussa ya buɗe ƙofa ya ce, "Baba, shigo in zagaya da kai."

"Je ka," in ji Gwadabe. "Daga nan na fi ganinka."

Shekara goma sha ɗaya Inoussa ya ƙara yana jan motar Hajiya. Ita kuwa har ta bar duniya, in ta wuce rumfar, Gwadabe sai ya ɗaga murya ya tambaye ta ko birki ya ci abinci yau.