Babur ɗin da surukina ya yanke wa baya

Surukina ya sa an yanke bayan babur ɗina, ya yi masa fenti, ya dawo mini da shi. Na yi masa godiya.

Babur ɗin tsohon ƙirar Japan ne, na lokacin da ake yin abu da ƙarfe. Tun gemuna yana baƙi na saye shi a hannun wani malamin gona da ya gaji da shi. Ba don kyau na saya ba. Na kai shi wurin mai walda ya ɗora masa kariya mai faɗi ta ɗaukar kaya a baya, ya ninka ƙarfen. Da shi na yi dako. Gero, wake, riɗi, daga ƙauyukan bayan Kanya Babba zuwa kasuwar Babura. Wata rana akuya a ɗaure, wata rana jarkoki. Mutanen Nijar da ke shigowa awo sun san ƙararsa tun kafin su hango ni. Ya kayar da ni cikin rairayi ba adadi. Akwai ranar da ya danne ni da buhu a kai, ƙuguna ya goce. Mai ɗori ya yi abin da ya iya. Tun daga nan ko ruku'u rabi nake yi.

Da kariyar nan na ciyar da gida, na aurar da 'ya'ya. Ban taɓa jiran kwanon wani ba, kuma ban yi niyyar farawa da tsufa ba.

Wata damina injin ya buga. Bakaniken Babura ya ce kayan irinsa sai Kano, ko a jikin gawar wani babur. Na jingine shi a zaure, ina jiran kaka in sayar da riɗi in tashe shi.

Sai surukina ya zo gaisuwa. Mijin 'yata ta fari ne, ma'aikacin gwamnati a Kazaure, ɗan gidan manya, tafin hannunsa kamar na mai jego. Ba mugu ba ne. Da mugu ne da na san yadda zan yi da shi. Ita 'yar fari ba na kiran sunanta, ba na zaman hira da ita. Mijinta kuwa kunya biyu ke nan. In ya zo, daga nesa yake cire takalmi, ya durƙusa, ni in kalli gefe, mu gaisa, ya tashi. Haka muka taso muka tarar.

Ya ga babur ɗin. Mai ɗakina ta ce ta leƙo ta gan shi yana shafa tankin kamar mai tayin saniya. Bai yi mini magana ba. Ya gaya wa matarsa, ta gaya wa uwarta, uwar ta gaya mini: wai yana roƙon a ba shi ya kai Kazaure ya tashe shi. Na ce ya ɗauka. Suruki ba ya roƙon abu a hana shi.

Ranar da ya zo da mota zai ɗauka, ya durƙusa a gabana, ya miƙo waya da hannu biyu.

"Baba, ga yadda nake so in mayar da shi. A duba. In bai yi ba a faɗa mini."

Hoton ƙarami ne, idona kuma ba na da ba ne. Kafin in gani sai na kawo kaina kusa da nasa. Wane dattijo ne zai haɗa kai da mijin 'yarsa ta fari a kan waya, kamar 'yan kallon ƙwallo? Na kalli bango.

"Ya yi. Allah ya yi albarka."

"Baba, an gani kuwa?"

"Na ce ya yi."

Haka ake yi. Gobe ma in ya miƙo, bangon zan kalla.

Kaka ta zo, babur bai zo ba. Labari dai yana zuwa ta bakin mata. Wai yana tashi daga ofis ya wuce garejin bakanike, ya tuɓe riga ya zauna a ƙasa. Wai ya je Kano neman fistin da kafireta. Wai matarsa tana faɗa saboda baƙin mai a kan gado. Ni kuwa masu ba ni dako suka koma wa samari masu sababbin mashina, irin waɗanda in ka jingina da su sai su lotse. Ba zan aika in ce ina babur ɗina ba. Mai ɗakina ta tambayi 'yarta a fakaice, aka ce saura kaɗan.

Wata Juma'a bayan la'asar na ji shi. Ina cikin gida na gane. Gaskiya ɗaya ce, injin ya tashi. Ko ranar da na saye shi bai yi wannan ƙarar mai tsabta ba. Na fito da sauri, ni da ba na sauri.

Ga surukina a kai, ya kwanta a kan tanki kamar ƙadangare a kan dutse. Abokansa biyu suna biye a mota, suna ɗaukarsa a waya. Ya sauka, ya cire hular kwano, ya cire takalmi, ya durƙusa.

Na kalli babur ɗin. Tanki baƙi wuluk da zane ja, kana ganin fuskarka a ciki. Hannun tuƙi an sauke shi ƙasa, kusa da taya. Madubi ɗan mitsitsi a bakin hannu. Ƙarfen da ke tare laka an cire. Salansa an naɗe ta da ƙyalle kamar ƙafar mai ciwo. Sirdi na fata, na mutum ɗaya, da ɗan tozo a ƙarshensa. Bayan tozon babu komai. Iska.

"Baba, sunan irinsa kafe resa," in ji shi, kansa a ƙasa, cike da murna. "Samarin Turawa suka fara shi. Tsere suke yi daga wannan gidan shayi zuwa wancan. Ana cire duk abin da ba shi da amfani don ya yi sauƙi."

Daga mai shayi zuwa mai shayi. Mutanen da ba su da buhu, ba su da mata, ba su da tsoho a bakin hanya da za a rage wa tafiya.

Tambaya ɗaya na yi masa. "Ƙarfen baya fa?"

"Ai ya yi tsatsa, Baba. 'Yan gwangwan sun ɗauka. Kuma ai Baba ya huta da dako. Abinci mu za mu riƙa kawowa. Wannan na zuwa masallacin Juma'a ne."

Daga bayan ƙyaure mai ɗakina ta ce, a hankali, don ni kaɗai, "To Malam, ni a kan tozon zan zauna?"

Na ce masa, "Madalla. An gode. Allah ya saka da alheri." Ya tafi yana share ido.

Motarsu ba ta gama ɓacewa ba maƙwabcina Bafulatani ya iso, mutumin da muka tsufa muna zagin juna. Ya zagaya babur ɗin da sanda a kafaɗa.

"Kaɗo, wa ya yanke wa ɗan akuyarka bindi?"

"Wanda ya fi ka shanu."

"A'a, kyau kam ya yi. Sai dai ko kaza za ka kai kasuwa, a aljihu za ka sa ta. Hau mana mu gani, ango."

Na hau. Bugu ɗaya ya tashi. Na miƙa hannu, hannun tuƙi yana can ƙasa. Na sunkuya, ƙugu ya ce a'a. Na daure na ja shi zuwa bakin gonata, rairayi ya kama tayar gaba, ba ni da ƙarfin riƙe shi a kwance. Na sauka na turo shi gida. Bafulatanin ya zauna a ƙasa don dariya.

Na je wurin mai walda. Ya ce an yanke ƙarfen tun daga gindi. Zai iya jona wani, amma kada in ɗora masa buhu in zo ina zaginsa. Ko da zai riƙe ma, hoton babur ɗin ya gama yawo a wayoyin Kazaure har Roni da Gwiwa, kowa ya san aikin wane ne, kowa ya san wa aka yi wa. In na ɗora masa kariya, na ce wa duniya kyautar surukina ba ta yi ba. Ba ni za a kalla ba. 'Yata za a kalla, a gidan mutane. Wani yaro mai sarƙa a wuya ya zo daga Kano yana so ya saya. Na ce ba na sayarwa ba ne. Dalilin ɗaya ne.

Buhun shinkafa ya zo daga Kazaure, da galan ɗin mai. Na ce a gode. Mai ɗakina tana dafawa, ita da jikoki suna ci. Ni tuwon gerona ake yi mini daban.

Babur ɗin yana ɗaki, an rufe shi da tsohon zane. In surukina zai zo, sai in sa a fito da shi a goge.

Yanzu ranar kasuwa ina shiga motar haya zuwa Babura. Ina tsayawa a bakin layin 'yan hatsi da igiyar roba, ina ɗaure wa samari kaya a kan mashinansu. Abin da suka ba ni shi nake ci. Nan nake.