Kifin Alhaji Mamman ranar da kuran ya ɗauke

Har yau ban manta da wata Talata cikin watan Maris ba, a shekarata ta biyu da fara aiki da ƙungiyarmu mai koya wa mutane noman kayan lambu a cikin gida. Lokacin ina ƙaramar ma'aikaciya, an ba ni gidajen unguwar Zongo ta Lome in riƙa zagayawa.

Ga sababbin shiga, ga yadda abin yake. Ana zuba kifi a tano, wato babbar ganga, ƙaramin famfon lantarki ya tura ruwansu zuwa baho mai cike da tsakuwa, inda aka dasa ganye. Kashin kifin ya zama taki, saiwoyi su tace ruwan, sannan ya zubo ta tiyo ya koma tano. Wannan zubowar ce ke shigar da iska cikin ruwa. In famfo ya daɗe a tsaye, kifi sai su fara shaƙewa.

Ɗaya daga cikin gidajena shi ne na Alhaji Mamman, tsohon direban babbar mota da ya yi shekaru yana hanyar Lome zuwa Yamai. Da idanunsa suka yi rauni ya ajiye tuƙi, ya koma zaman kujera a tsakar gidan siminti, ba ya shiga harkar kowa. 'Yarsa Hadiza, wadda ke aiki a wani kanti a kasuwar Adawlato, ita ta nemi mu kafa masa. Ranar da muka zuba karfasa muka dasa salak da lalo da ganyen miyar da ake kira gboma, ko matsowa bai yi ba.

"Baba, ba za ka zo ka gani ba?" na tambaye shi.

"Ku dai ku yi abinku, 'yata," ya ce.

Da na faɗa wa shugaban sashenmu, ya ce ƙa'ida ita ce in mai gida bai karɓi aikin ba, za a kwashe kayan a kai wani gida. Ya ce in ƙara gwadawa zuwa ƙarshen wata.

A waccan Talatar da rana tsaka Hadiza ta kira ni, ta ce kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke tun safe, mahaifiyarta ta ce kifi duk sun taso sama suna buɗe baki, ita kuma ba ta da halin barin kanti. Ina kasuwar Agoè-Assiyéyé, na hau zemijan, babur ɗin haya, na nufi gidan. Na tarar wasu sun riga sun kife ciki. Na hana a ba su abinci, na ɗauki bokiti ina ɗiban ruwan tano ina kwararo shi daga sama. Cikin wannan zafi ba a jima ba na gaji. Hajiya, matar Alhaji, tana fama da ciwon baya, sai sannu take mini.

Sai na ji motsin kujera. Alhaji ya laluba bango ya iso, ya sa hannu cikin ruwan.

"Ya yi ɗumi da yawa," ya ce. "Miƙo bokitin."

Ya riƙa ɗiba yana zubawa a natse. Ya sa Hajiya ta ɗauko tabarma aka yi wa tanon inuwa. Da Afi, maƙwabciyarsu 'yar Ewe mai soya kifi, ta leƙo ta ga abin da ake, ta ɗaura zane ta karɓe shi. Haka muka yi ta karɓa-karɓa har bayan la'asar, lokacin da famfo ya tashi. Mun yi asarar wasu, amma yawancinsu sun rayu.

Yana goge hannu ya tambaye ni ko akwai famfon da ke aiki da batirin mota. Na ce akwai. Washegari ya sa aka raka shi garejin da ya bar zuwa tun da ya daina tuƙi. Tsofaffin abokan aikinsa suka ba shi batiri, suka kuma riƙe shi da hira har azahar. Da kansa ya haɗa wayoyin, da lalube, ni ina karanta masa alamar kowane kan batirin.

Da shugabanmu ya zo dubawa a ƙarshen wata, ya tarar da Alhaji yana tsinkar gboma yana zuba wa Afi a kwano. Ya tambaye shi yaya aikin.

"Salak ba ya son ranar nan," in ji Alhaji. "Ku kawo mini irin alayyafo."

Shugaba ya dube ni, bai sake ta da maganar kwashe kaya ba.

Abin da na ɗauka daga wannan gida shi ne, haɗa tiyo da tano aikin yini guda ne, amma samun wanda zai tashi tsaye idan ruwa ya daina gudu yakan ɗauki lokaci. Don haka in kun shiga gida kuka ga mai shi bai nuna sha'awa ba, kada ku yi saurin yanke masa hukunci. Wani bai ƙi aikin ba, ya daɗe ne ba wanda ya buƙaci hannunsa.